A Saki Ruwa Kafin A Kira Baƙi: Martani Kan Mai da Borno Okabangon Najeriya

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda muka daɗe muna karanta juna, ya fitar da maƙala kwanakin baya yana kira ga gwamnatocin Borno da Yobe su mai da yankin Tafkin Chadi da dausayin Haɗeja da Nguru wurin yawon buɗe ido irin na Okabango da ke Botswana. Hujjarsa, kamar yadda na fahimta, ita ce Botswana ba ta fi mu komai ba. Tana da kogin da ya baje a tsakiyar hamada, mu ma muna da shi. Ita ta killace nata, ta gina masaukai na alfarma, Turawa na zuwa da daloli suna kallon giwa daga cikin kwale-kwale, mu kuwa mun bar namu a hannun masunta da makiyaya da masu saran itace suna cinye shi. Maganin da ya kawo shi ne a shata iyaka, a tashi ƙauyukan da ke ciki a biya su diyya, a kira kamfanonin waje su gina masaukai, a haɗa har da dajin Sambisa, cikin 'yan shekaru sunan Borno ya sauya a kunnen duniya.

Malam, ban yi shakkar niyyarka ba. Duk wanda ya zauna a Yerwa, wato Maiduguri, cikin shekarun nan ya gaji da jin sunan garinsa a labarin bam kaɗai, kuma gaskiyarka ce da ka ce namun daji dukiya ne. Inda muka rabu shi ne wanda ka ɗora wa laifi. Ka bar jaki kana dukan taiki.

Mu fara da Okabangon kanta, domin na lura hankalinka ya tsaya ne a kan masaukanta. Kogin yana tasowa daga tuddan Angola, ya ratsa wani ɗan ziri na Namibiya, ya shigo arewacin Botswana ya baje a kan rairayin Kalahari, faɗin kimanin murabba'in kilomita 15,000, bai taɓa ganin teku ba. Ruwan da aka sheƙa a Angola a farkon shekara yakan ɗauki watanni yana rarrafe, sai wajen Yuni zuwa Agusta yake cika maƙil, daidai lokacin da ko'ina a ƙasar ya bushe ƙamas. Dole giwa da ɓauna da raƙumin dawa su yi tururuwa can, zaki kuma ya biyo su. Abin da ya sa haka ke faruwa kowace shekara abu ɗaya ne: har yau ba a gina wata babbar madatsa a kan kogin ba. An so a taɓa shi. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Botswana ta ɗauko shirin yashe wani reshensa mai suna Boro domin a ja ruwa zuwa garin Maun da mahaƙar lu'ulu'u ta Orapa. Mutanen Maun suka taru a dandalin sarkinsu suka ce atafau ba su yarda ba. Gwamnati ta gayyaci ƙungiyar kare muhalli ta IUCN ta duba shirin, a 1992 aka jingine shi. Bayan shekara biyu Angola da Namibiya da Botswana suka kafa hukumar haɗin gwiwa, domin su riƙa shawartar juna a kan duk abin da ya shafi kogin. Masaukan da kake gani a hoto a kan wannan suke zaune. Ko da UNESCO ta sa Okabango cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ta zama ta dubu ɗaya cif a jerin, ruwan da ke zuwa a kan ƙa'ida ta yaba.

Sannan gandun Moremi, wanda shi ne zuciyar wurin, ba wani kamfani ne ya zo ya kafa shi ba. Al'ummar Batawana ne da kansu suka keɓe shi a 1963, a zamanin da Elizabeth Pulane Moremi ke riƙon sarauta bayan rasuwar mijinta, domin sun ga mafarauta na neman ƙarar da dabbobinsu. Duk da haka bai tashi ba cuta ba. An fitar da wasu daga cikin mutanen da ake kira Basarwa daga ciki, jikokinsu na nan a ƙauyen Khwai, maganar ba ta mutu ba. Farfesa Joseph Mbaiwa na Jami'ar Botswana ya shafe shekaru yana rubutu a kan cewa mafi yawan manyan masaukan na 'yan waje ne, baƙo kan biya kuɗinsa tun yana ƙasarsa, ɗan ƙasa kuwa ya ƙare a tuƙin kwale-kwale da wanke kwanuka. Akwai masaukin da ake biyan sama da dala dubu a kwana ɗaya, amma gundumar Ngamiland da ke kewaye da shi tana cikin mafiya talauci a ƙasar. Wannan ɓangaren ba ka kawo shi ba.

Ka kuma manta da lissafin kawuna. Botswana ta ninka Borno girma wajen sau takwas, amma ƙidayarsu ta 2022 ba ta kai mutum miliyan biyu da rabi ba. Borno kuwa tun a ƙidayar 2006 ta haura miliyan huɗu. Abin da za a iya killacewa can ba tare da an taka ƙafar kowa ba, a nan ko'ina ka kafa turke a gonar wani ka kafa.

To, mu dawo gida. Abin da ya fi kama da Okabango a wajenmu shi ne inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke shigowa cikin tsofaffin tuddan rairayi su rarrabu, su zama tafkuna da fadamu da 'yan ƙoramu tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, kafin abin da ya rage ya haɗu ya zama Kumadugu Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak ya nufi Tafkin Chadi. Kafin a cire Yobe a 1991, babban ɓangarensa ƙasar Borno ne, kuma har gobe hedikwatar Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda ya haɗa sashen Bade da Nguru da na Bulatura da na Chingurmi-Duguma, a nan Maiduguri take. Wurin yana da suna a wajen masana tsuntsaye. Da zarar sanyi ya kama a Turai, agwagwa da sauran tsuntsayen ruwa 'yan ci-rani sukan tsallako Sahara, kuma wannan na cikin ruwan farko da suke tararwa. Nan suke cakuɗuwa da namu na gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe da kwasakwasa. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya taka har tafkin Dagona a 1989 domin ganinsu. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Ke nan ba suna wurin ya rasa ba, kuma ba takardar killacewa ya rasa ba.

Ruwa ya rasa, ko kuma in ce ya rasa ruwa a lokacin da ya saba samunsa. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka ƙara da ta Challawa, kuma waɗannan koguna biyu su ne uwayen kogin Haɗeja. Kafin su, ruwa kan zo da ƙarfi a Agusta da Satumba, ya malale ƙasa, ya wanke hanyoyinsa, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, sannan ya ja da baya a hankali ya bar danshi a yi shuka, da rani kuma ƙoramu su ƙafe, rana ta ƙone abin da ya tsiro a cikinsu. Da aka tare shi, sai aka rage ƙarfin na damina, aka riƙa sakin kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani na Kadawa da ruwan shan birnin Kano. Ƙoramar da ba ta cika sosai ba, ba ta kuma ƙafe ba, ita ce gidan kacala.

Wanda bai ga kacala ba zai ɗauka ciyawa ce kawai. Ta fi tsayin mutum, ta yi cunkus har kwale-kwale ba ya ratsa ta. Saiwarta na kama laka, laka ta taru, hanyar ruwa ta toshe. Sai ka ga ruwan ya karkata gaba ɗaya ya bi Marma ya kwanta a gonakin mutanen Nguru shekara da shekaru, alhali a tsohuwar hanyar kogin ana haƙa rijiya a tsakiyar rafi. Na ga yadda ake gayyar yankanta: maza tsirara sai gajeren wando, ruwa iya ƙirji, kowa da lauje ko adda yana lalubar gindinta a ƙarƙashin ruwa, domin in an sare ta daga sama sai ta sake tohowa kamar an yi mata taki. Matsattsaku na manne a ƙafa, sauro na bin kunne, mutum ya fito da yamma hannunsa duk tsaga. Tsuntsun jan-baki kuwa a cikinta yake kwana, da asuba ya tashi kamar hayaƙi ya sauka a kan gero da shinkafa. In ka ji manomin Bade yana tsine wa tsuntsu, wannan yake nufi, kuma duk wanda zai zo masa da maganar kare tsuntsaye sai ya fara sanin haka.

Yanzu ka gaya mini, Malam, a cikin wannan labari ina laifin masunci? Mutanen da kake so a tasa su ne kaɗai suke shiga ruwa suna buɗe hanyarsa da hannunsu. In ka kwashe su, wa zai yanki kacalar, mai masaukin da zai zo daga Afirka ta Kudu?

Ba na cewa mutanenmu waliyyai ne. Ana harbin agwagwa, ana kama gauraka a sayar wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida har ta kusa ƙarewa a ƙasar nan, ana saran itace a loda a manyan motoci, akwai masu kamun kifi da raga mai ƙananan idanu da ba ta barin ko ɗan tsako. Duk wannan gaskiya ne, kuma aikin doka ne da na masu unguwanni da sarakunan ruwa. Amma wanda ya rasa rabin fadamarsa dole ya matsa wa rabin da ya rage, shi da tsuntsu da saniya duk a wuri guda.

An ma taɓa yin lissafin abin. A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, sun auna abin da dausayin ke bayarwa na noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Da suka raba da yawan ruwan da kowanne ke sha, sai dausayin ya yi wa aikin gwamnati fintinkau, ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a ma'auni ba. A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da shi. Takardu ba su yi ƙaranci ba. Abin da ake jira shi ne a riƙa sakin ruwa daga Tiga da Challawa da damina a kan tsari sananne, wanda ba zai zo wa mutanen Ringim da Haɗeja bagatatan ya cinye su ba, a kuma yashe hanyoyin da suka toshe. Sannan akwai takobin da ke rataye: madatsar Kafin Zaki a Bauchi, wadda aka fara aka bari, kuma kowace gwamnati sai ta sake tayar da maganarta. Yawancin ruwan da ke isa Gashuwa yanzu na Jama'are ne, domin shi ba a tare shi ba. Ranar da aka tare shi ba tare da an ɗaure alƙawarin sakin ruwa ba, Dagona za ta zama filin ƙwallo. Maƙalarka ba ta ambaci Kafin Zaki ko sau ɗaya ba.

In kana son shaida a aikace, ba sai ka je kudancin Afirka ba, leƙa bayan Bama. Sashen Chingurmi-Duguma ya yi iyaka da gandun Waza na Kamaru, kuma Waza na rayuwa ne da ambaliyar kogin Logon. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa, aka yi jinga a bakin kogin. Fadamar ta bushe, ciyawa mai daɗi ta mutu, kifi ya ja baya, mariya ta ragu ƙwarai, makiyaya suka fara kutsawa cikin gandun domin ba su da inda za su. A 1994 aka fasa jingar a wuri guda aka bar ruwa ya koma wata tsohuwar hanyarsa. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, tsuntsaye suka ƙaru, shanu suka sami makiyaya a wajen gandun. Ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba kafin a ga wannan sauyi.

Akwai kuma abin da ke damuna da yadda ka kwatanta mutanen nan, kamar waɗanda suka faɗo wa wurin daga sama. Je ka firgin Dikwa ko na Ngala bayan ɗaukewar ruwa ka ga yadda ake dashen masakwa. Tun da damina an yi 'yan kunyoyi an tare ruwa a kan baƙar ƙasar nan mai danƙo, an kuma yi renon iri a jigawa. Da ruwan ya tsotse, sai namiji ya bi da wani sanda mai kauri da tsini yana caka rami, na bayansa ya sa tsiro biyu, ya zuba ruwa ɗan cikin moɗa, shi ke nan. Ba ruwan sama, ba injin ban ruwa, dawar nan za ta sha danshin da ƙasa ta ɓoye har a girbe ta cikin sanyi, wajen Janairu ko Fabrairu. Wannan ilimi ne na ɗaruruwan shekaru. Haka Buduma da shanunsu na Kuri masu ƙahoni kamar tulu, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Haka masu bandar Baga da Doron Baga, waɗanda kifinsu ke cika kwalaye daga tashar Baga ta nan Maiduguri har Onica da Legas. Tafkin Chadi ya sauko daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba a tsakiyar shekarun 1980, mutanen nan suka bi shi, inda ya janye suka shuka masara da wake, inda ya dawo suka ɗauko koma. Duk baƙon da ke da hankali zai so ganin wannan kamar yadda zai so ganin dorina.

Kalmar tashi kuwa, a Borno ba a furta ta da wasa. Rikicin Boko Haram ya raba sama da mutum miliyan biyu da gidajensu a arewa maso gabas. Mutanen Baga da Marte da Bama da Gwoza sun yi shekaru a sansanoni a cikin garin nan suna bin layin awo. Daga 2021 gwamnatin Farfesa Babagana Zulum ta shiga rufe sansanonin Maiduguri tana mai da su garuruwansu, wasu ma har yanzu ba sa iya yin nisa da ramin tsaron da aka haƙa wa garin. Mutumin da ya koma jiya, bai gama rufa ɗakinsa ba, shi za a je a ce wa ya sake naɗe tabarma domin Bature na son ya ga daji ba kowa? Ka tuna kuma yadda Sambisa ta zama abin da ta zama. Gandun daji ne da aka keɓe tun 1958, da giwaye da jiminu da 'yan ɗakunan baƙi. Aka hana mutane zama, sannan aka yi sakaci da masu gadi, dajin ya zauna ba mai shi. Waɗanda suka gaje shi kowa ya san su, kuma can suka kai 'yan matan Chibok a 2014. Dajin da aka kwashe mutanensa ba a cike gurbinsu da tsaro na gaske ba, ba ya zama fanko.

Akwai misali a Nijar da ya fi dacewa da mu. Raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Ba a yi musu shinge ba, ba a tashi kowa ba, a cikin gonakin gero da wake suke yawo. Aka hana kashe su, aka ɗauki samarin ƙauyukan aikin jagorar baƙi, aka riƙa taimaka wa mutane da rijiyoyi da ƙananan basussuka. Suka hayayyafa har suka haura 600.

Amma Kuren nan ita ce kuma za ta kai mu ga maganar da ka tsallake da jimla guda, wato tsaro. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da jagoransu a wurin. A Fabrairun 2013 an sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu yara, a kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza, aka tsallako da su Najeriya, sai a Afrilu aka sake su. Daga nan kasuwar Waza ta faɗi. Yau gwamnatocin Birtaniya da Amurka na gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su zo Borno, kuma kamfanin inshora ba ya tsaya wa wanda ya take irin wannan gargaɗi, kamfanin yawon buɗe ido kuwa ba ya ɗaukar wanda ba shi da inshora. Ba ma sai an je ga Bature ba. A Nuwambar 2020 an yanka manoman shinkafa na Zabarmari a gonakin Koshebe, mutum 43 aka yi wa sallah a rana ɗaya, nan bayan gari. Hanyar da manomi bai aminta da ita ba, ba a tallata ta ga baƙo.

Da ka kawo Zakuma ta ƙasar Chadi da hujjarka ta fi ƙarfi, bari in taya ka. Can mafarautan haure sun rage giwaye daga sama da 4,000 zuwa kimanin 450 cikin shekara takwas. A 2010 gwamnati ta damƙa gandun ga ƙungiyar African Parks, aka tsayar da kisan, giwaye suka koma haihuwa, baƙi masu kuɗi suka fara zuwa. Sai dai ka duba da me suka fara: albashin masu gadi a kan lokaci, rediyon oba-oba a hannun ƙauyuka da makiyayan da ke kewaye domin su ba da labarin baƙuwar fuska, makarantu, da barin hanyoyin da dabbobi da shanu ke bi da damina. Suna da sansanin da 'yan ƙasa ke sauka kyauta, kuma 'yan Chadi ne mafi yawan masu ziyara. Tantin alfarma daga baya ya zo.

Wannan ya kawo ni ga baƙon da kai ba ka ƙirga ba. Ka taɓa tsayawa a ƙofar gidan namun daji na Sanda Kyarimi ranar yawon Sallah? Keke Napep jere har ba wurin juyawa, 'yan mata hannu ya sha lalle, iyaye mata cikin lafaya suna jan ƙanana, samari sun karkata hula, mai zoɓo da mai ƙanƙara na ta ciniki, yaro na kan wuyan yayansa yana miƙa wuya ya hango zaki, in jimina ta taso gaba ɗaya a watse da ihu a sake dawowa. Tun 1970 wurin nan yake, kuma ko a shekarun da ake rufe gari da magariba bai rasa masu zuwa ba. Waɗannan ba sa jiran biza, ba sa karanta gargaɗin ofishin jakadanci. Yankari ma da 'yan Najeriya take rayuwa, masu zuwa wanka a Wikki da ɗaliban makaranta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Motar ɗalibai daga Jami'ar Maiduguri ko wata sakandaren Damaturu zuwa Dagona cikin sanyi, da jagora ɗan ƙauyen wanda ya san sunan kowane tsuntsu da Badanci da Hausa, da masu kwale-kwale da aka yi wa rajista, da ɗaki mai tsabta da banɗaki a Gashuwa ko Nguru, a haɗa da bikin kamun kifi na Bade a Gogaram: wannan abu ne da za a iya farawa da kuɗin da bai kai na shingen da kake so ba, kuma kuɗin a aljihun mai ƙosai da mai kwale-kwale zai kwana.

Shi kansa gidan namun dajin na Sanda Kyarimi ya ɗanɗana abin da nake faɗa game da ruwa. Madatsar Alau da aka gina a kan kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, wadda ke shayar da Maiduguri, ita ce ta rage malalar da manoman shinkafa na fadamar Jere suka dogara da ita. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da kasuwar Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Hukumar gidan ta ce sama da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, aka yi shelar a yi hattara da kadoji da macizai a unguwanni, kowa ya ga bidiyon jimina tana ratsa ruwa a kan titi. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Da ni ne kai, da a kan wannan zan sa alƙalami: in an gama, wa zai riƙa duba ta, wane ma'auni za a bi wajen buɗe ƙofofinta, kuma nawa ne rabon Jere.

Saura giwaye, tun da su ne hoton da ka fi so. Muna da su. A Disambar 2019 an hango garke na kimanin 250 daga jirgi mai saukar ungulu a kusa da Rann, kuma suna ci gaba da tsallakowa daga Kamaru zuwa Kala-Balge lokacin da amfani ya nuna. Dare ɗaya ya ishe su su share gonar da iyali suka yi wa wahalar shekara, mutumin da ma da rakiyar soja yake zuwa gonar. Doka ta hana shi harbi, kuma daidai ne ta hana. Botswana mai giwaye kimanin 130,000 ta san wannan ciwo: gwamnati na biyan diyyar ɓarna, ko da yake manoma na kukan ba ta isa ba, ƙauyuka irin su Khwai da Sankuyo na karɓar kuɗin hayar ƙasarsu daga masu masaukai, kuma matsin lambar manoma ne ya sa shugaban ƙasar na lokacin, Masisi, ya ɗage haramcin farauta a 2019, har ya yi wa Jamus barazanar aika mata giwaye 20,000 a 2024 da ta nemi koya masa yadda ake son dabba. Garken Rann shi ne jari mafi girma da shirinka ke da shi a ƙasar Borno, kuma a halin yanzu manomin Kala-Balge ne kaɗai ke ciyar da shi da dawarsa. In za ka sake rubutawa, Malam, ka gaya mana wa zai biya shi, nawa ne buhu, kuma daga wane asusu.